Fitilar LED Mai Araha Don Tankin Murjani

Tambaya: Malam, tankina na ruwan gishiri tsawonsa santimita 60 ne. Wace fitilar LED mai sauƙin kuɗi za ta raya murjani, wato halittar nan ta teku da ake kiwo a tanki?

Amsa: Nemi wadda shuɗin haskenta, wajen nanomita 450 (ma'aunin tsawon zangon haske), ya rinjayi fari, mai fanka da maɓallin rage ƙarfi. Wat 50 ya ishi murjani mai laushi. Kwan lantarki na ɗaki kuwa gansakuka zai tara maka. Rataye fitilar santimita 25 sama da ruwa, don feshin gishiri na cin wayoyi. Fara da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinta, awa 8 kullum, kana ƙara kashi 5 duk mako. In ka ƙure ta tashi ɗaya, murjanin zai kori ƙananan tsirran jikinsa masu ciyar da shi, ya yi fari fat.