Burgamin Tsoho da tsintuwar mahalbi

Ɗana,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Saƙonka ya same ni tun ranar Talata. Hotunan ma na gani, amma sai da ƙanwarka ta ƙara musu girma a waya, don idon ya fara ja da baya. Ka ce kuna gyaran ɗakin Tsoho, kakanka, da damina ta zubar da bangonsa, sai kuka tarar da burgaminsa rataye a jikin azara. A ciki akwai ƙayar beguwa, da lanƙwasasshen haƙori, da guntun icce, da baƙin dutse mai santsi, da ƙaho da aka toshe wa baki, da layu biyu. Kana son sanin dalilin da ya sa mahalbi yake yawo da tarkacen da ya tsinta a daji, kuma ko ka bi shawarar abokinka da ya ce shirka ce, a cinna musu wuta.

Kafin komai, wannan ƙahon kada ka buɗe shi, kada ka bar yara su taɓa shi. Na san shi sarai, a ciki Tsoho yake zuba dafin kibiya. Da 'ya'yan kwankwani ake dafa shi har ya yi kauri kamar baƙin ƙaro, aikinsa kuwa tsayar da zuciya, kuma tsufa ba ya sa a amince masa. In ka ga jajayen 'ya'yan icce masu baƙin kai a gindin burgamin, idon zakara ne da suka zubo daga jikin burtunsa, wato kan tsuntsun nan da mahalbi yake ɗaurawa a ka don ya yaudari nama, su ma guba ne ga yaron da ya tauna. To, wannan ke nan.

Ƙayar beguwar nan ina wurin aka tsince ta. Shekarata goma, ina hutun lakwal, an gama yankan hatsi, sanyi ya fara. Muka fita tun kafin kiran assalatu, muka bi bakin gulbi muka nufi wajen Madarunfa, shi yana gaba da baka da kwari, ni ina biye da gorar ruwa ina rawar ɗari. Gari ya fara wayewa ke nan, ba ka rarrabe farin zare da baƙi sosai, sai na ga ya tsaya cak ya durƙusa a gindin wata sabara. Ya ɗauko ta, ya juya ta a yatsu, ya kai ta hanci. Ya nuna mini gindinta, fari fes, ko ƙura bai yi ba, ya ce daren jiya ta faɗi. Sannan ya ciro ɗan garin taba daga battarsa ya zuba a daidai inda ya ɗauke ta, ya ce ƙasa-ƙasa, "Dawa ta amsa sallama." Bai sake cewa uffan ba. Muka bi jan ƙayoyi a kan rairayi, da inda ta tone saiwa ta ci rabi ta bar rabi, har muka kai ga wani tsohon ramin dabgi da ta mayar gidanta. Ba mu same ta ba. Amma kafin hantsi ya dubi ludayi ya kā da gada, kibiya ɗaya, kuma har ya koma ga Allah yana cewa ƙayar ce ta kawo ta.

Abin da ya ba ƙayar daraja a wurinsa shi ne bai fita nemanta ba. Beguwa ba ta harbi da ƙayarta kamar yadda yara suke faɗa, zubewa take yi in ta girgiza ko ta ja jiki a bakin rami, kuma duk mahalbin da ya kashe beguwa yana iya cika tafi biyu da ƙayoyi. Waɗancan sai a ba mata su riƙa tsaga kitso. Wadda ka iske kwance a kan hanyarka da asuba, ba ka tambaya ba, ba ka biya ba, ita ce a ganinsu kyauta. Su mahalba sun ɗauka daji gida ne mai masu shi, namun da ke ciki kuwa dabbobin kiwonsu ne, kai baƙo ne mai roƙon a sam maka. To in mai gida ya ajiye maka abu a bakin ƙofa, ai ka san an yi na'am da zuwanka. Shi ya sa ba a sayar da tsintuwa, ba a aro, kuma wanda ya saci ta wani ya saci banza. Na taɓa jin wani ɗan farauta ya taya haƙorin nan da ɗan akuya, Tsoho ya yi dariya ya ce, "In na ba ka haƙorin, ranar da na tsince shi fa, ita ma in haɗa maka?"

Haƙorin na gadu ne, wanda wasu suke kira mugun dawa. Shi gadu da baya yake shiga rami, ya bar haurensa a bakin ƙofa yana jiran duk mai ƙarar kwana, don haka aka ɗauke shi maganin tsari, kada a zo maka ta inda ba ka zata ba. Guntun iccen kuwa kauci ne. Tsuntsu ne yake cin 'ya'yansa masu danƙo ya bar irin a reshen wani icce, sai ya tsiro can sama ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Abin da ya sa masu magani suke girmama shi ke nan, kuma kowane kauci da sunan iccen da ya hau ake kiransa, na kalgo daban, na gawo daban.

Dutsen ne na fi so ka riƙe da hankali. Ka duba shi da kyau, gefe ɗaya a fiƙe yake kamar bakin gatari, ɗayan kuma ya tsuke daidai kamun hannu. Gatarin aradu ake ce masa. Abin da muka taso muka ji shi ne, in aradu ta faɗi, da shi take tsaga icce, ya nutse a ƙasa, sai bayan shekaru ya fito ga mai rabo. Tsoho ya tsince shi a wani kwazazzabo kwana ɗaya bayan ruwa mai tsawa, ka ga kuwa babu mai raba shi da wannan magana. Ni ma da ita na girma, har ranar da aiki ya kai ni Yamai na shiga gidan tarihi na Bubu Hama, na tarar da 'yan'uwansa jere a bayan gilashi. Gatura ne na mutanen da suka zauna ƙasar nan dubban shekaru kafin a san ƙira, suna wasa dutse da dutse har ya yi kaifi, su ɗaure a ƙota su sari icce. Ruwa mai ƙarfi ne yake zaizaye ƙasa ya tono su, shi ya sa ake samunsu bayan hadari. Da na dawo na gaya masa, ina jin kaina mushen lakwal ya kawo ilimi gida. Ya daɗe yana juya dutsen a tafinsa, sannan ya ce, "To, ashe na wani mahalbi ne ya bar mini." Ya mayar da abinsa burgami. Ban san wanda ya ci gardamar ba tsakanina da shi.

Kada in yi maka wayon 'yan boko in ce duk wannan hikima ce kawai ta karanta sawu. Akwai karatun sawu a ciki, sosai ma. Idon da ya hango ƙaya ɗaya cikin duhun asuba shi ne zai hango kunnen gada a cikin sabara, kuma mutumin da ya yarda yau ranarsa ce, hannunsa ba ya rawa a kan tsirkiya. Suna cewa sa'a ta fi sammako, amma ban taɓa ganin mahalbin da ya yi tsintuwa yana kwance a ɗaki ba. Sai dai su ba haka suke fassara abin ba. Garin tabar nan da ya zuba, ba don ƙasa ya zuba ba. Gidanmu gidan mahalba ne na asali, daga cikin Anna, masu addinin gargajiya, da Katsinawa suka iske a wannan kwari lokacin da sarkinsu Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina. A lokacin kwarin gulbi kurmi ne mai duhu, doki ba ya ratsa shi da sauƙi, kuma masu sanin hanyoyinsa da iskokinsa su ne kakanninka. Suna ambaton Doguwa, suna yi mata yanka. Kowace shekara ba mai shiga farauta sai an yi buɗin daji, manya sun duba abin da shekara za ta zo da shi. Har yau ana wannan buki a Masalata, kusa da Birnin Konni. Tsoho ya yi sallah, ya yi azumi, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya bar yanka gaba ɗaya, da bakinsa ya gaya mini ya tuba da shi. Burgamin ne dai bai iya yarwa ba, ya rataye shi inda kuka gan shi.

Dajin ma ai ya riga burgamin yin ritaya. Fari na 1973 da 1974 ya ci namun daji da yawa, gwamnatin Seyni Kunce ta rufe halbi, ma'aikatan gandun daji suka shiga karɓe bindigogi da tarkuna. Yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, ta ƙarasa abin da ya rage, gonaki suka cinye fadama. Dajin Baban Rafi da giwaye suke ƙetarowa daga Najeriya su shiga, yau in an ambace shi sai mutane su tuna da 'yan bindiga.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa a kasuwa yake. Ka zaga wajen masu shimfiɗar magani, za ka ga kawunan tsuntsaye, da fatu, da farata, da ƙahoni tuli, kowanne da kuɗinsa, jikka kaza, mai saye ya soka a aljihu ya tafi neman sa'ar zaɓe ko ta kasuwa. Babu ɗaya a ciki da aka tsinta. Kashe su aka yi don mai saye yana jira. Lokacin ƙuruciyarmu, in mahauta suna fiɗa, angulaye har ture juna suke yi a kan katanga, sai an kore su da sanda. Yaushe rabonka da ganin angulu a cikin garin Maraɗi? Neman kawunansu don tsibbu yana cikin abin da ya ƙarar da su, tun daga nan har Najeriya. Tsoho da a ce ya ga wannan shimfiɗa, tofar da yawu zai yi ya wuce, don a ƙa'idarsu abin da aka saya da kuɗi mushe ne kawai. Duk abin da ke cikin burgamin nan, ban da ƙahon, babu wanda aka zubar da jini don a same shi.

Yanzu ga maganar abokinka. A kan rataya su da nufin tsari ko sa'a, gaskiyarsa, ba ni da ja. Hadisi ya zo cewa wanda ya rataya laya ya yi shirka, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan wadda ayoyin Alƙur'ani ne zalla a ciki. Ƙayar beguwa kuwa ba aya ba ce. Sayyidina Umar ma, a gaban Hajarul Aswad, cewa ya yi ya san shi dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, ba don ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sumbatarsa ba, da bai sumbace shi ba. To balle dutsen kwazazzabo. Kada ka ɗaura wa yaro, kada ka sa a mota, kada ka bari wata tsohuwa ta lallaɓe ka ta ce a jiƙa a ba mai ciki.

Inda na rabu da shi, wajen wutar ne. Ka lura, wanda yake rawar jiki a ƙone dutse don kada ya yi wani abu, shi ma ya ba dutsen ƙarfin da ba shi da shi. Ni na riƙe wannan gatari ina yaro, na riƙe shi da furfura, nauyinsa bai canza ba. Kuma ka yi masa uzuri, yaro ne, bai san Tsoho ba, bai ci naman gadar nan ba.

Layun biyu ka kai wa baduku ya farke ɗinkin a gabanka. In rubutu ne, ka kai wa malam ya duba, ayoyi ba a jefa su a juji, ya san yadda ake yi da su. In garin magani ne da gashi, ka tona rami ka rufe. Ƙahon ka naɗe shi da tsumma ka ajiye inda hannu ba ya kai, ni zan zo in binne shi da kaina, na san zurfin da ake yi masa. Sauran ka bar mini su a cikin burgamin yadda suke. Fatar ta bushe, ka shafa mata ɗan man shanu da yatsa, kada ka lanƙwasa ta da ƙarfi ta tsage. Ina nan tafe bayan sallah in Allah ya kai mu, ka tara mini yaran gidan da daddare, har da na ƙanwar babarka, akwai labarin ranar da gadu ya kore mu muka hau aduwa, duk ƙayarta, wanda babanka ya hana ni faɗa shekara hamsin saboda shi ya fara hawa.

Ka gaida maiɗakinka da yara, ka ce wa babarka ina gaisuwa.

Babanka ƙarami, daga Maraɗi