Amsa ga ɗana da ke Manchester a kan abokin zamansa

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma bar shi ya kwana kafin in amsa, don ba magana ce da ake yankewa a tsaye ba. Ka ce yaron nan ɗan unguwarmu da kuke ɗaki ɗaya ya faɗa shan giya tun da aikinsa ya tsaya, har ta kai ka dawo daga aikin dare ka tarar da shi yashe a bakin ƙofa, kuma ya haɗa ka da Allah kada ka gaya wa kowa. Kana tambaya ko a al'adarmu rufa masa asiri ya kamace ka, ko ka sanar da iyayensa.

Rufin asiri gaskiya ne, addini ma ya zo da shi: wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi. Saboda haka kada maganar nan ta shiga dandalinku na WhatsApp, kada ta zama abin hira a bakin masallaci bayan an sauko Juma'a. Amma iyayenmu ba su taɓa ɗaukar rufin asiri a matsayin zuba wa mutum ido har ya hallaka ba. Ana ɓoye laifin ga masu tsegumi, a kai shi ga mai iya gyara.

Ku yaran yanzu ba ku tarar da zaman zango ba. Bahaushe ya daɗe yana baƙunta, daga Salaga da Kumasi har Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa tun 1916, inda na yi zaman fataucin goro. A can baƙo ba ya sauka a iska. Kowa yana da maigida, shi ke ba shi tabarma a zaure, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan zai ci bashi. Da magariba a kawo tuwo a kwano ɗaya, a wanke hannu a kewaye shi, to wanda duk babu hannunsa a kwanon an san babu shi. In an idar da sallar asuba ba a ga mutum a sahu ba, kafin rana ta fito an aika yaro ya ƙwanƙwasa masa. Kada ka zaci ba a shan giya a lokacin. Ana sha, akwai gidajen burukutu, akwai kuma waɗanda suka lalace a cikinsu. Sai dai mutum ba ya yin wata guda yana nutsewa ba wanda ya lura. Maigida zai kira shi cikin ɗaki, su biyu, ya yi masa faɗa. In abin ya ƙi, a kai wa liman ko Sarkin Hausawa. Sai duk wannan ya gagara ake aika wa gida.

Abin da yaron nan ya rasa ke nan. Ba shi da maigida. Ya fito daga garin da mai son sha sai ya saci jiki ya tafi Sabon Gari, ya faɗa ƙasar da ake jera kwalabe a kanti ɗaya da burodi da madara, ba mai kallonsa in ya ɗauka. Ga hunturu, a watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Ga rashin aiki, ga kuɗin haya, ga waya daga gida kullum ana cewa a turo na makaranta da na asibiti, shi kuma kunya ta hana shi cewa babu. Barci ya ƙaurace masa, ya sha don ya runtsa, gobe ya ƙara. Kuma irin namu, da yake a ɓoye yake sha, shi kaɗai, cikin gaggawa, sau da yawa ciki babu abinci, shansa ya fi haɗari a kan na wanda ya zauna cikin mutane yana kurɓa. Ina jin tausayinsa ƙwarai, ba na kuma so ka dube shi da idon ƙyama.

Yanzu kai ne maigidansa, ko ka so ko ba ka so ba. To ga abin da ke wuyanka, kuma ka riƙe wannan da kyau domin maganar rai ce. Kada ka tattara kwalabensa ka zubar ka ce daga yau ya daina. Wanda jikinsa ya saba da sha kullum, in ya yanke rana ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 hannu zai fara karkarwa, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa. Wasu sukan yi farfaɗiya, wasu bayan kwana 2 ko 3 su rikice suna ganin abin da babu, kuma ana mutuwa a haka. Mutanenmu in sun ga wannan sai su ce iska ce, su tsaya tofi. A yi addu'a, amma a tafi asibiti. In ka lura yana karkarwa da safe, sai ya sha take lafawa, to barinta sai da kulawar likita.

Ka raka shi wurin likitan unguwa, wanda suke kira GP. A Ingila rajista da shi kyauta ce, ba a kuma sharɗanta takardar zama ba, abin da ya faɗa masa kuwa amana ce. Ka ce ya faɗi gaskiyar yawan abin da yake sha, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Su kansu masu ƙasar, da ba haramun ba ce a wurinsu, tun 2016 likitocinsu suka ce kada a wuce ma'auni 14 a mako, wato kamar manyan kofuna 6 na giya. Ka auna da abin da yake shanyewa a dare guda. Ya roƙi a duba masa hanta, domin ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasashenmu, da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba, giya kuwa tana gaggauta lalata hantar da ta riga ta kamu. Ka kuma tambaye shi, ba da tsawa ba, ko yana haɗawa da tiramol ko kodin, don haɗin nan yana tsayar da numfashi.

In ka sake samunsa a buge ba ya motsi, kada ka bar shi rigingine, amai zai iya shaƙe shi. Ka juya shi ta gefe, ka lulluɓe shi, ka zauna kusa. In ka tashe shi bai tashi ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa, kira 999, lambar agajin gaggawa, nan take. Alkawarin da ya ɗora maka bai kai nan ba.

Game da wa'azi, ya san haramun ce, ya sani tun yana makarantar allo, sanin nan ma yana cikin abin da ke cin sa. Ka tuna ita kanta giya a hankali aka hana ta, daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i, kafin ta Ma'ida ta rufe ƙofa. An kuma sha kawo wani mutum gaban Manzon Allah (SAW) saboda sha, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ka riƙa tashinsa sallah ko da daren jiya ya sha. Ka dafa abinci ku ci tare. Ka nemo dattijo ɗaya a cikin Hausawan garin, mai riƙe baki, ba mai yawan fatawa ba, ka shaida wa yaron tukuna cewa za ka kawo shi, don kai kaɗai ba za ka iya ba, ga aikin dare a kanka.

Iyayensa kuwa, ban ce ka kira su yau ba. Mahaifiyarsa ba ta da abin da za ta yi daga nan sai kuka da hawan jini. Amma ka gaya masa a fili cewa in ya ƙi zuwa wurin likita, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, shirunka ya ƙare. In ta kai ga haka, ni za ka fara kira. Ni zan taka in sami mahaifinsa mu zauna a zaure, in kuma roƙe shi su sassauta masa maganar turo kuɗi har ya miƙe.

Ka buga mini ranar Lahadi in ji yadda kuka yi da likita. Innarka tana gaishe ka. Allah Ya yi maka albarka, shi kuma Ya ba shi lafiya.

Baffanka