Na ga fayilolin da ban sani ba, in goge su?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kwamfutata ta cika maƙil, sai na buɗe ɓoyayyun fayiloli ina neman abin ragewa. Na tarar da pagefile.sys da hiberfil.sys sun cinye gigabait da yawa, ga kuma wata folda Windows.old. Ba ni na sa su ba. Bairos ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dakata tukuna, duk ukun na Windows ne. A pagefile.sys take juye aiki idan RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, ya cika, hiberfil.sys kuma nan take adana abin da kake yi in ka sa ta dogon barci. Windows.old tsohuwar manhajarka ce da aka bari bayan sabuntawa, kuma a Windows 10 da 11 takan share kanta bayan kwana 10. In ta ƙi tafiya, Disk Cleanup, abin share tarkace na cikin Windows, zai cire ta lafiya.

Abin da ya fi damuna ma ba gogewar ba ne. Mutum ya ga baƙon fayil sai ya danna sau biyu "don ya gani", alhali dannawar nan mugun fayil yake jira. Fara buɗe kowace folda, ka shiga View ka kunna File name extensions, don Windows tana ɓoye wutsiyar suna. Na taɓa duba filashin wata baiwar Allah da ta dawo daga shagon buga takardu. Ga abu mai suna sakamako.pdf, da muka bayyana wutsiyar sai ga .exe a ƙarshe, wato manhaja ce ba takarda ba. Foldodinta kuwa duk sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gindi. Hankalinta ya tashi, ta ɗauka aikinta ya salwanta, ashe bairos ɗin ɓoye shi kawai ya yi.

Bayan ka bayyana wutsiyar, ka danna maɓallin dama na linzami a kan baƙon fayil ɗin, ka duba Properties: ina yake zaune, yaushe ya shigo, akwai sa hannun kamfani? Binciki sunan a intanet. In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ɗora shi a shafin VirusTotal, inda manhajojin tsaro fiye da 60 za su duba shi kyauta. Amma don Allah ban da takardun sirri, masu bincike na iya ganin abin da aka ɗora.

Baƙon fayil ɗin da ba a cikin foldar Windows ko Program Files yake ba, ka kwashe shi zuwa wata folda, ka ci gaba da aiki mako biyu. In komai na tafiya daidai, sai ka goge. Ka tuna, abin da aka goge daga filashi ba ya zuwa Recycle Bin.

Tambaya: A wayata akwai msgstore.db.crypt14 har guda da yawa. Daga wata uwar gida a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ajiyar hirarrakinki na WhatsApp ke nan. Masu tsohon kwanan wata a jikin sunansu kina iya gogewa, amma ki bar wanda ba shi da kwanan wata, shi ne na baya-bayan nan.