Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Jirgina Yake Kauce wa Hanyar Kano?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Katsina, ina koyon tuƙin jirgin sama a kwamfutata da manhajar Microsoft Flight Simulator. Na saba da ƙaramin jirgin nan Cessna 172, amma da na koma Cessna Grand Caravan, wanda injin tabain ke juya farfelarsa, sai al'amura suka cakuɗe mini. Idan na tashi daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua zuwa Kano, nakan saita hancin jirgi daidai inda taswira ta nuna, amma sai in tsinci kaina can yamma da birnin, kuma kafin in ankara na iso ina sama ƙwarai, babu halin sauka. Ina kuskuren yake?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kurakuranka biyu ne, amma tushensu ɗaya: jirgin ya fi lissafinka sauri.

Mu fara da kaucewar. Daga filin Katsina, wanda za ka rubuta DNKT a na'urar jirgin, zuwa filin Malam Aminu Kano, wato DNKN, tazarar kimanin mil na teku 77 ce, kuma hanyar ta nufi kudu maso gabas, wajen digiri 139. Sai dai inda hancin jirgi ya dosa daban, inda jirgin yake bi a bisa ƙasa daban. Idan ka kunna yanayi na ainihi a lokacin hunturu, iskar takan taso ne daga arewa maso gabas, wato tana bugun jirginka ta gefen hagu kusan kai tsaye, tana tura shi kudu maso yamma. A ce ƙarfinta not 20 ne, wato mil na teku 20 a awa, kai kuma kana tafiya da not 170: tafiyar za ta ɗauke ka minti 27 ko makamancin haka, a cikin wannan lokaci kuwa iskar ta janye ka mil 9 daga hanya. Shi ya sa kake ganin Kano ta tagar hagu. Mai kwale-kwale ba ya dosar mashaya kai tsaye idan kogi na gudu, yakan ɗan karkata sama. Haka kai ma za ka yi. Ka raba ƙarfin iskar gefe da saurin jirgi, ka ninka da 60, sai ka sami kimanin digiri 7, saboda haka hancin jirgi ya koma 132.

Na'urar Garmin G1000 da ke cikin Caravan tana iya yi maka wannan gyara da kanta, amma a nan ne galibin masu koyo suke tuntuɓe. Idan ka danna maɓallin HDG, matuƙi na atomatik hanci kawai zai riƙe, ba ruwansa da iska. Sai ka danna NAV zai bi layin hanya. Kafin haka kuma ka dubi allurar da ke ƙasan allon gabanka: idan launinta shunayya ne mai haske, GPS take bi, idan kuwa koriya ce, tashar rediyo ta VOR take nema, kuma maɓallin CDI ne yake sauya su. Sau da yawa mutum yakan ɗora laifi a kan manhaja, alhali allurarsa koriya ce, ba a kuma saita mata tashar komai ba. A ra'ayina, ka yi wannan tafiya sau uku ko huɗu da hannunka kafin ka miƙa wa na'ura, domin wanda bai taɓa gyara iska da kansa ba, ba zai gane ranar da na'ura ta ɓata ba.

Batun isowa a sama kuwa lissafinsa gajere ne. Kowace ƙafa 1,000 da za ka sauko tana bukatar mil 3. Filin Kano yana kan tudun kimanin ƙafa 1,560, don haka idan kana tafiya a ƙafa 9,000 kana so ka sauko zuwa 3,000, mil 18 kake bukata, sai ka ƙara biyar na rage gudu. Ka fara gangarowa tun saura mil 23 ke nan, kana sauko da ƙafa 850 a minti, wato saurinka ninki biyar. A cikin hazon hunturu ba za ka hango filin daga wannan nisa ba, lambar tazara da ke kan allo ita ce idonka.

Ka kuma lura da injin yayin gangarowa. Ƙarfin murɗar farfela yana ƙaruwa da kansa idan jirgi ya shiga iska mai kauri, ko da ba ka taɓa sandar wuta ba, saboda haka ka riƙa ja da ita baya kaɗan-kaɗan kada allurar da ke auna ƙarfin murɗar ta haye jan layi. Injin tabain kuma yana ɗan jinkiri kafin ya amsa, to kada ka bari sai gudu ya mutu a bakin titin sauka sannan ka tura wuta. Idan iskar hunturu na nan, titi mai lamba 06 za ka nema, domin shi ne yake fuskantar ta.