Abin da ya sa taya baƙa ce

Yaro, ajiye famfon nan ka zo. Jiya da direban Ɗambatta ya bar kwalbar man goge mota a kan benci, ka tambaye ni ko "nano" da aka rubuta a jikinta sunan kamfani ne. Awo ne. Ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin kanka ya kai wajen nanomita 80,000.

Kai da kake wuni da abu mai wannan awo a hannu ma kake tambaya. Ruwan roba fari ne kamar nono. Baƙin taya wani gari ne, ɗan'uwan kunkunniyar da fitilar ƙwai ke bari a gilashi, ƙwayoyinsa na awon nano ne. Wajen kwata na nauyin taya shi ne. Saboda ƙanƙantarsa yake shiga kowane lungu na robar ya riƙe ta, zafin kwalta da rana ba sa cinye ta da wuri. Ba don shi ba, da kullum sai an sayi sabuwa, mu kuwa da mun rasa abin yi wa faci. Ƙwaƙwalwar wayarka ma da wannan awo ake ƙera ta. "Nano" na jikin kwalba kuwa, wani gaskiya ne, wani dai rubutu ne don a ƙara kuɗi.

To, ga inda nake son ka buɗe kunne. Muddin garin yana ɗaure cikin robar, da sauƙi. Baƙin hannu sabulu ke fitarwa. Fitinar tana tashi ne in ya sami iska. Gashin hanci yana tare ƙurar hanya, amma irin wannan wucewa take har ƙasan huhu, mafi ƙanƙantarta ma tana iya ratsawa cikin jini. Tun 1996 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa wannan baƙin gari cikin abubuwan da ake zargi da jawo ciwon in ana shaƙarsu.

Shi ya sa nake faɗa in na ga ka kifa fuska kana kankare taya da giranda. Ka ba iska baya, ka sa takunkumi mai kama fuska, ba ƙyallen rawani ba. Ka yayyafa ruwa kafin shara. Kuma tsofaffin tayoyin can da mahauta ke zuwa nema don babbaka ranar kasuwa, in sun zo ba na nan, ka ce na hana.