Camry ko Accord ko Benz, maganar cire tamostat, da masu son shiga taron 'yan mota

Assalamu alaikum 'yan uwa masoya mota. Tambayoyi sun taru, na zaɓo waɗanda naga amsarsu zata amfani mutane da yawa, sauran kuma a yi min haƙuri zuwa wani satin insha Allah.

Wani matashi daga Zariya ya rubuto yace: "Salam Yaya, na daɗe ina tari yanzu kuɗina sun kai in sayi motata ta farko. Dillali ya nuna min Camry 2008 wadda ake cewa Muscle, da Honda Accord 2005 wato EOD, sai wata Benz C300 da aka hau a nan gida, kuɗinta ya ɗan ɗara kaɗan amma wallahi ita ce ta shiga raina, don duk ran Lahadi abokaina suna haɗuwa da motocinsu ni kaɗai nake zuwa a babur. Wacce zan ɗauka?"

Ƙanena Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Zan faɗa maka gaskiya tun daga farko, ka bar Benz ɗin nan tukuna. Ni ma ina son C300, mota ce mai daɗin tuƙi kuma ta iya zama a titi, amma kuɗin sayenta shi ne ƙaramin abu a cikin lamarin. In ta zamanin Camry ɗin nan ce injinta V6 ne, duk sabis tana shan baƙin mai kusan lita 8 kuma sai sintetik mai kyau, Camry ɗin kuwa lita 4 ne da 'yar ɗoriya. Sannan wannan samfurin na C300 an san shi da matsalar makullin sitiyari na lantarki, kana zaune lafiya ka saka ki ka murɗa shiru, ba ƙara ba komai, kuma ba kowane rewaya ne zai iya taɓa ta ba sai wanda yake da kwamfutarta. Mutumin da ya juye duk abin da ya mallaka ya saye ta, ranar da ta yi masa haka sai dai ta kwana wata biyu a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, shi kuma ya koma kan babur ɗinsa.

Tsakanin Camry da Accord kuwa kowacce da inda take ciwo. Camry 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu injinta 2AZ ne mai lita 2.4, kuma ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda matsalar ringin fistin, kamfanin Toyota da kansa ya amsa wannan a Amurka har ya yi wa wasu gyara. Ba kowacce ke yi ba amma da yawa suna yi. Inda hali ka ƙara nema ka samu 2010 ko 2011, su injin 2AR ne mai lita 2.5, ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Accord 2005 mai silinda huɗu injinta K24 ƙarfe ne na gaske, ya fi na Camry kuzari in ka taka totur, sai dai ƙafar gaba, bol jon na ƙasa in ya ci ba'a canza ba shi ne kake ganin Honda ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta karkace. Wannan sakaci ne na masu ita da kuma jabun kaya, in ka saka na asali kana dubawa duk sabis ba zata kunyata ka ba. Mai V6 ɗinta kuma ka kiyaye ta, giyarta ta atomatik ta ba mutane wahala musamman 2003 da 2004, ga tamin bel da sai an canza, ita mai silinda huɗun kuwa sarƙa ce. Kuma giyar Honda bata son kowane irin mai, nata na Honda zaka nema, DW-1.

In ni ne kai, motar farko, ina zaune Zariya, Camry zan ɗauka saboda kayanta ko'ina akwai, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, kuma ran da ka tashi sayarwa baka rasa mai saye. Amma lafiyayyar Accord ta fi Camry mai hayaƙi, don haka motar da ke gabanka zaka duba ba sunanta ba.

Ga yadda zaka duba. Ba'a cinikin biri a sama, kar ka biya ko sisi saboda hoto ko bidiyo da dillali ya turo. Kaje da sassafe kafin kowa ya tada ta, ka ɗora hannunka kan injin ka tabbata da sanyi yake, don mai wayo yakan ɗumama mota kafin mai saye ya iso saboda inji mai zafi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Ka sa wani ya tada kai kana tsaye ta baya wajen salansa, in kaga shuɗin hayaƙi toh tana ƙona baƙin mai. Buɗe murfin da ake zuba man ka leƙa da fitilar waya, in kaga baƙin abu ya daskare kamar kwalta ba'a yi mata sabis kan lokaci ba, in kuma kaga abu mai kalar shayi da madara ruwa yana haɗuwa da mai, ka yi sallama ka tafi. Ɗaga kafet ɗin ƙasan kujera da wajen safaya taya ka sansana, ka duba ƙarafan da kujera ke gudu a kai, tsatsa da busasshen taɓo a nan alamar ta taɓa nutsewa a ambaliya ne, kuma da yawa cikin waɗanda ake sayowa a gwanjon Amurka irin su ne ko masu haɗari. Lambar bodi wato VIN harufa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa, ka tabbata iri ɗaya ce da ta takardu, in daga Amurka ta zo ka biya ɗan kuɗi a ciro maka tarihinta a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motoci. Ka tafi da bakaniken ka ba na dillali ba, a jona mata kwamfuta. Kuma lokacin da ka murɗa ki kafin inji ya tashi ka kalli dashbod, fitilar cek injin da ta ABS da ta iyabag dole su kama sannan su mutu, in wata bata kama ba sam toh an cire ƙwanta ko an toshe ta. Takardun kwastam ma ka kai a tantance, a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, wadda ta biyo daji daga Kwatano da takardar bogi ranar da aka tare ka a hanya kai ne a ciki.

Kar ka ƙarar da kuɗinka kaf a kan saye, ka bar wani abu mai kauri a gefe, don satin farko zaka canza baƙin mai da filta, man giya, fulogi, ruwan lagireto, wataƙila har taya da batir.

Wata Hajiya daga Kaduna tace: "Malam Corolla 2010 gare ni, da zafin bazara ya shigo sai bakanike na yace a cire tamostat a haɗa fanka dairek don wai motar Turai ce an yi ta ne don ƙasar sanyi, kuma yace in koma zuba baƙin mai 20W-50 ya fi kauri. In yarda?"

Hajiya don Allah kar ki yarda, ko ɗaya daga ciki. Wannan maganar ta motar ƙasar sanyi ta daɗe tana yawo a garejojinmu kuma ta kashe injina da yawa. Irin motar nan taki ana hawanta a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinta a ciki. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa har inji ya ɗauki zafin da aka tsara masa, wajen digiri 82 sai ya fara buɗewa ruwan ya zagaya lagireto. In aka cire shi inji zai daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da safe da lokacin hunturu, kwamfutar motar kuma tana ganin har yanzu da sanyi sai ta ci gaba da ƙara fetur, kinga ga asarar mai a wannan tsadar, ga fulogi na yin baƙi, ga fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa yana tsinka baƙin mai. Fanka kuma da aka haɗa dairek tana juyi ba hutu har ɗan injin da ke juya ta ya ƙone, ranar da ya ƙone kina cikin cunkoso ba zaki sani ba sai tururi ya tashi.

In motar tana zafi da gaske akwai dalili, shi za'a nema. Lagireto ya toshe da tsatsa, ko murfinsa ya saki, ko wata fom tana yoyo, ko tamostat ɗin ne ya maƙale sai a sa sabo. Kuma mafi yawan tsatsar daga ruwan rijiya da na famfo ne da ake ɗurawa, ki sa a wanke a zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji na musamman, na Toyota ruwan hoda ne.

Baƙin mai kuwa ki duba murfin injin ko littafin motar, wannan Corolla 5W-20 ko 0W-20 aka rubuta mata, in ta ci tafiya sosai 5W-30 babu laifi. 20W-50 na su 504 ne da tsofaffin bas, injin ki yana da VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda da matsin mai yake aiki ta wasu ƙananan hanyoyi, mai kauri baya isa can da wuri in an tada da safe. Ki riƙa canzawa duk kilomita 5,000 saboda ƙurarmu da gajerun tafiye-tafiye na cikin gari, ki saya da kanki a wajen dila da aka sani don jabu ya yi yawa, kuma ki tsaya a buɗe galan ɗin a gabanki. Da hunturu filtar iska ma a riƙa dubawa.

Wani kuma yana tambaya wai zai sa rim mai inci 20 a Camry ɗinsa kuma an bashi shawara ya cire indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, don salansa ta yi ƙara ya burge a wajen taro. Ɗan uwa rim 20 a hanyoyinmu yana nufin siririyar taya, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim ya kumbura taya, 17 ya ishe ka kuma zata yi kyau. Indomi kuma masu baka shawarar ka lura waye zai tafi da shi bayan an cire, akwai ƙarafa masu tsada a ciki irin su filatinom shi yasa ake rububinsa. Kai kuma abin da zai rage maka fitilar cek injin ce da warin hayaƙi. In taya zaka saya ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a jikinta, 2319 yana nufin sati na 23 a 2019 aka yi ta, tsohuwar taya ko zanenta na nan ta riga ta bushe.

Ta ƙarshe daga Kano: "Oga ina so in shiga cikin masu wasan mota, wace mota zan saya kuma ya ake farawa?"

Wannan tambayar na ji daɗinta kuma ta tsorata ni lokaci guda. Taron 'yan mota abu ne mai kyau wallahi, a jera motoci a buɗe bonet, wannan ya nuna yadda ya raya tsohuwar 504 ɗin babansa irin wadda aka fara haɗawa a masana'antar Peugeot ta Kaduna tun 1975, wancan ya zo da Benz 190 ko Golf 3 fes, a yi musu a sha shayi a ba juna lambar mai kaya na gaskiya da fanel bita mai hannu. Abin da mutum zai koya a yamma ɗaya a irin wannan wajen yana da yawa. Don wannan kam ko da wace mota kake da ita kaje, ko baka da mota ma kaje, ka wanke ta tsaf kawai ka gaida manya ka yi tambaya, kuma kar ka jingina da motar mutum ko ka buɗe ƙofarsa bai ce ba.

Amma in juyi kake nufi, wanda ake sa mota tana zamewa taya na hayaƙi, toh sai mota mai ja da tayar baya kuma gara mai giyar hannu, shi yasa kake ganin tsofaffin BMW E36 da E46 a hannun masu yi. Camry da Accord da Corolla da gaba suke ja, masu fizgar birkin hannu da su lalata mota kawai suke. Kuma kar ta zama ita ce motar da kake kai Mama asibiti da ita, don wasan yana cin taya da kuloci da ƙafar baya sosai, BMW ɗin nan kuma kayan ruwansu na roba ne suna fashewa in sun tsufa, lagireto da tankinsa da wata fom su zaka fara sabuntawa kafin fenti ko sitika.

Inda nake roƙonka da Allah shi ne waje. Banda kan titi, banda rakiyar amarya, banda bikin kammala makaranta inda yara ke kewaye mota da waya a hannu suna ɗauka, wasu ma sun fito rabin jiki ta taga. An rasa rayuka a haka, kuma da yawa 'yan kallo ne da basu ji ba basu gani ba. Ku haɗa kuɗi ku nemi fili a killace da izinin mai shi, ku sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, 'yan kallo su tsaya nesa bayan shinge ko jerin tsofaffin tayoyi, mota ɗaya a fili a lokaci guda, direba da bel da hular kwano, abin kashe gobara a kusa da kuma mota a shirye ko da za'a kai wani asibiti. In ƙungiyar da ka samu suka yi maka dariya don ka kawo wannan maganar ka nemi wata. Farkon koyo kuma ka sa mazubi ɗaya a tsakiyar fili ka yi ta zagaya shi a giya ta ɗaya ko ta biyu tare da wanda ya iya a gefenka, da tsofaffin tayoyi a baya masu kyau a gaba.