Bidiyon yaƙi da cin zali: da wa kuke magana?

Malama, kin ce ana kallon bidiyoyinku na yaƙi da cin zali, amma ba mai turawa, ba mai tsokaci, kina tambaya ko daga salon saƙon ne. Galibi daga nan ne, sai dai ki fara tantance kallon kansa. Facebook na ƙirga har wanda ya tsaya 'yan daƙiƙoƙi kacal, saboda haka kar yawan ya ruɗe ki. Duba jadawalin da ke nuna inda mutane ke ficewa, akwai shi a YouTube Studio, shafin da masu tasha ke duba alƙaluman bidiyoyinsu. In tun farko layin ya rufto, tambarin ƙungiya da doguwar gabatarwa ne suka kore su. A buɗe da fuska tana magana, a sa rubutu a ƙasa, don da yawa ba sa kunna sauti.

Babbar matsalar ita ce wanda ake fuskanta. “Ka daina cin zali!” ba ta kama kowa, domin mai yi ba ya ganin da shi ake, a wurinsa wasa ne. Kuma matashi in an nuna masa yatsa, taurin kai yake ƙarawa. Yawancin masu kallonku 'yan kallo ne: yaron da ke guruf ɗin aji, ya ga ana yawo da hoton wata ana dariya, ya ja bakinsa ya yi shiru. Da shi za ku yi magana. Wani bincike da aka wallafa a 2001 kan yaran firamare a Kanada ya gano cewa idan wani yaro ya sa baki, kashi 57 cikin ɗari na cin zalin kan tsaya cikin daƙiƙa 10. Shirin KiVa na yaƙi da cin zali a makarantun Finland ma a kan 'yan kallon aka gina shi.

Ku ba ɗan kallon aiki guda, ku nuna shi a allo: yatsa na rubuta wa yarinyar “na ga abin da suka yi, ba daidai ba ne”, ko yana danna wurin kai ƙara. Guda, ba biyar ba.

Bidiyon kuka da kiɗan tausayi kan tara tsokaci, amma karanta su: da yawa tsinuwa ce ga mai laifin, wato wani cin zalin. Ni ba na ƙirga wannan a nasara. Haka cika bidiyo da “kowa na yi” na iya koya wa yaro cewa abin ba komai ba ne. Kar kuma a nuna kashe kai a matsayin ƙarshen labari. Akwai masu rauni a cikin masu kallo.

Kafin wallafawa, sa tsokaci ya jira tantancewa, a toshe kalmomin zagi, musamman idan fuskar yaro ta fito. Sannan ki fitar da saƙo ɗaya a salo biyu, tsayi ɗaya, ki gwada wanda aka fi turawa da kallo har ƙarshe.